Ƙarar Sirdi a Kunnen Inna

Zuwa ga mahaifina, Malam Abdu Direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa a gaban ubansa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ne Lawali, daga Dubai. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake, amma maganar mota ce a bakina, kuma duk garin nan ban ga wanda zai gane ta kamar kai ba.

Bari in fara da Inna. Da ta fita takaba na ɗauko ta daga Maraɗi, don gidan ya yi mata faɗi, ga ciwon sukarin nan yana son likita a kusa. Na zaci gata na yi mata. To Baba, filat ɗinmu na Al Rigga can sama yake, a ƙasa kuma sun farke titi suna haƙar hanyar jirgin ƙasa. Matar da ta saba sharar tsakar gida tun asuba, ga ta zaune a bakin tagar da ba ta buɗuwa. Ta rage ci. Surukarka Hadiza ta tuƙa tuwon gero, ta dama fura, duk a banza. Rannan ta dube ni, ba faɗa ba fushi, ka san ba ta kiran sunana, ta ce, "Kai, ƙafata ta manta ƙasa. Maida ni gida." In na maida ta, wa zai duba ta? In na riƙe ta, ina kallo tana ƙarewa. Wallahi na ji tsoro.

Ana cikin haka wani Bature da aikinsa ya ƙare ya sayar mini da ɗakinsa mai taya, wanda Larabawa ke ce wa karafan. Gado, ɗan madafi, makewayi, duk a ciki. Ya ajiye mini shi a filin da ke bayan benenmu. Niyyata in sanyi ya shigo in riƙa fita da Inna cikin rairayi duk Juma'a, ta taka ƙasa, ta kwana ta tashi a can. Abokan kasuwa na Al Ras suka samu abin dariya, wai na baro Nijar don gudun rairayi, ga ni ina sayen ɗaki in koma cikinsa. Na ce su yi ta yi.

Ɗakin ba irin wanda ake maƙalawa a wutsiyar mota ba ne. Goshinsa hawa yake kan bayan akori-kura, akwai ƙusa mai kauri a ƙarƙashi da ke shiga cikin wani farantin ƙarfe. Da na leƙa na gan ta sai na yi dariya ni kaɗai. Tirelarka ce, Baba, aka ƙanƙanta ta! Farantin nan shi ne 'yan lakwal, masu boko, ke kira selet, kai kuwa ka ce ba ruwanka da Faransanci, sirdi ne, tunda a kansa kaya ke zama.

Sirdin na tafi nema Al Khabaisi. Mai shagon, wani dattijo ɗan Iran, ya nuna mini iri biyu, kowanne zai ɗauki nauyin ɗakin har da rara. Na farko kafaffe ne, wuri ɗaya yake zama, an sa masa roba, in ya kama ƙusa da ƙyar za ka ji. Na biyu yana zamewa baya a kan dogo in za a sha kwana, ga nauyi, ga muni. Dattijon ya ja hannun ƙarfen na biyun don in ga yadda haƙoransa ke rufewa. Ƙarau!

Ban san sanda na koma filin bayan gidanmu na Maraɗi ba. Kai kana baya-baya da kan mota a hankali, bodi na tsaye yana jira, sai ƙarau. Ka sauko, ka tsuguna a ƙarƙashi, ka leƙa. Kullum sai ka ce mini, "Kunne na iya yi maka ƙarya, je ka gani da idonka."

Ita kuma Inna tana bakin zaure. Da ta ji ƙarar nan sai ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, ya maido ka lafiya," ta juya ciki ta hau sharar tsakar gidan da ta riga ta share. Kai kana leƙowa ta taga kana cewa, "Wata tafiyar da ke za a yi, ki ga Agadas da idonki." Ba zarginka nake ba, Baba, tafiyar nan ita ta ciyar da mu. Amma a kunnen Inna ƙarar sirdi ma'anarta ɗaya ce: an tafi an bar ta.

Shi ya sa raina ya kwanta da mai shirun. Me zai sa in dawo mata da wannan ƙara a ƙasar mutane? Sai dai na fita na auna bayan akori-kurata. Mai ƙofa huɗu ce, bodinta gajere. Da kafaffen sirdi, ranar da na karya kan mota sosai kusurwar ɗakin za ta daki gilashin baya, daidai inda kan Inna zai jingina. Na tuna yadda kake cewa kowane ƙarfe mai kyau ne a miƙaƙƙiyar hanya, wurin kwana ake sanin abin da aka saya. Na koma ciki na ce wa dattijon kalas, shi ke nan, a ɗaura mini mai ƙarar.

Ranar Juma'ar farko na so in haɗa ɗakin da motar kafin Inna ta sauko, amma Hadiza ta riga ni, ta fito da ita tun da sassafe. Tana tsaye gefe da butarta a hannu. Na yi baya-baya a hankali yadda ka koya mini. Ƙarau.

Baba, ina kallonta ta madubi. Ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, ya maido ka lafiya," ta juya ta nufi ƙofar bene. Na diro ina kiranta, na ce Inna ina za ki, ai da ke za a yi. Ta tsaya. Ta daɗe tana kallon motar, har na fara nadamar abin da na saya. Can ta gyara mayafi ta ce, "To ai ba ka leƙa ba. Malam ba ya tashi sai ya leƙa." Na hau bayan motar na tsuguna. Haƙoran sun rufe tsaf, amma sai da na goge idona kafin in iya gani.

Ba zan ce maka ta warke ba. Amma a rairayin ta cire takalmi, ta yi tafiyarta har sai da Hadiza ta bi ta, ta dawo ta cinye tuwonta ta nemi ƙari. Maganar komawa gida ba ta sake tasowa ba tukuna, sai dai tambayar yaushe Juma'a.

Abu ɗaya na ajiye maka ƙarshe. Da muka hau titi a safiyar nan, ɗakin na biye da mu, na ji tana maimaita addu'arta a hankali daga kujerar baya. Wannan karon cewa ta yi, "Ya maido mu lafiya."

Ba Agadas ba ce, Babana, amma an yi tafiyar da ita. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa doguwar hanyar da ka sha dominmu ta zama nauyi a mizaninka. Ya bar mana Inna, ya haɗa mu da kai a inda ba a tafiya a bar kowa. Amin.

Ɗanka mai leƙa sirdi har gobe,
Lawali