Baƙar Ƙasar Fadama Ta Ƙi Siminti, Kawu Ya Ce In Shafe

Assalamu alaikum Malam, don Allah ka taimake ni da gaggawa, kwanaki sun ƙure mini.

Ni magini ne a Haɗejiya. Yayan mahaifiyata, wanda zan kira Kawu Zarami ko da yake ba sunansa ba ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar ubana, ya koya mini gini, ya aura mini 'yarsa. Na yi shekara biyu a Kano ina aikin siminti, bara na dawo hannunsa.

Bana aka ba shi kwangilar ɗakin shan magani a wani ƙauye wajen Auyo, bakin fadama. Shi ne aikin zamani na farko da ya taɓa samu, kuma duk gari an sani. Bulon na matsi ne, kwano ɗaya na siminti, goma na ƙasa, a danna a injin hannu. Baturen da ya zana aikin ya nuna mana jar ƙasa a wani tudu, mil uku daga wurin, ya ce daga nan kaɗai za a ɗebo. Da ita muka yi harsashi. Sai ruwa ya cinye hanya, jakuna suka kasa wucewa. Kawu ya ce a haƙa nan bayan fili. Ƙasar baƙa wuluk, ga saiwoyi, ga ruɓaɓɓen karan shinkafa, wurin ma shanu ke kwana da rani. Ya murza ta, ya yi dariya, ya ce ciyawa da kashin shanun da muke wahalar zubawa a kwaɓi, ga shi Allah ya zuba mana. Raina bai kwanta ba, amma na yi shiru. Ni ne na san siminti a wurin, Malam, kuma na yi shiru.

Yanzu bango ya wuce kan taga. Ran Litinin na jingina tsani, sai kusurwa ta ɓalle, ta marmashe a hannuna kamar busasshen tuwo. Bulon mako uku ke nan! Ƙusa na shiga cikinsa ba guduma. Na jar ƙasa kuwa in ka buga sai ya yi ƙara. Na nuna wa Kawu, ya sa aka ƙara siminti aka buga wasu, su ma haka. Da na sake magana ya ce abin da na koyo a Kano ke nan, raina manya. Ya ce in yi shafe ciki da waje, a ɗora rufi kafin Bature ya zo duba aiki ran ashirin ga wata. Ya ce in na buɗe baki ga wani, in fita daga gidansa, in bar masa 'yarsa.

Kogin da ke kusa da ƙauyen kuma sai tasowa yake, an ce yawanci ruwa kan taɓa filin nan kafin kaka. Akwai wata tsohuwa, Zainaba, wadda 'yarta ta rasu cikin kwalekwale a hanyar kai ta asibiti. Kullum sai ta kawo mana fura, ta dafa bangon ta sa albarka. Na daina iya sha. In na yi shafe, wa ya san wanda ginin zai faɗa wa? In na faɗa, na tozarta mutumin da ya zame mini uba. Yaya zan yi?

Mai Cokalin Gini, Haɗejiya

*

Mai Cokalin Gini, wa alaikas salam. Na aika maka da wannan amsa ta gidan waya tun kafin a buga ta, saboda ƙurewar lokaci.

Kada ka yi shafen nan. Duk sauran maganata a kan wannan take.

Na kai takardarka wurin wani malamin gini a nan, ga abin da ya ce. Siminti ba bushewa yake yi ba, kamawa yake, kuma da wani gari mai kama da farar ƙasa da ke cikinsa yake kamawa. Ruɓaɓɓiyar ciyawa da taki suna da tsami, tsamin nan ke shanye garin kafin ya yi aiki. Shi ya sa ƙarin simintinku bai yi komai ba. Irin wannan bulo yakan tsaya da rani, ya yaudari ido, amma ranar da ruwa ya kwanta a gindinsa zai saki. Ƙasar da ta fi kyau ga shinkafa ita ta fi muni ga siminti.

Amma kada ka ɗauki kawunka macuci. Abin da ya sani gaskiya ne a ginin ƙasa, a nan ne kawai ya juye masa, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa. Kai da za ka iya gaya masa ka yi shiru, saboda haka kana da naka kason. Faɗan da yake yi yanzu tsoron kunya ne. Kunya kuwa ba a warkar da ita a gaban leburori.

Ga abin yi. Ɗauki bulo biyu, na jar ƙasa da na baƙa, ka sa su cikin ruwa a daro, su kwana. Da safe ka kira shi shi kaɗai, ka fara da neman gafarar shirun da ka yi, sa'an nan ka roƙe shi ya ciro su da hannunsa. Magini ne, hannunsa ba zai yi masa ƙarya ba. In kana jin nauyi, tafi da dattijon da yake jin maganarsa, ko mahaifiyarka in tana raye. Ka nemi shi da kansa ya riga Baturen magana: hanya ta yanke, an gwada ƙasar kusa, ba ta yi ba, ana neman ƙarin lokaci. Harsashinku lafiyayye ne. A sauke bangon, a ɗauko jar ƙasa ko da a kwalekwale ne. Za a yi asara, za a yi surutu kwana biyu, amma wanda ya kai kansa ba ɗaya yake da wanda aka kama ba.

In ya ƙi, gaya masa a fili, cikin ladabi, cewa hannunka ba zai taɓa shafen ba, kuma ran ashirin za ka nuna wa mai duba aiki bulon. Kada ka yi a ɓoye. Matarka ma ta ji daga bakinka tun yau. Ba zan ce maka Kawu ba zai cika alwashinsa ba, yana iya yi, ya yi wata da watanni bai amsa gaisuwarka ba. Wannan ana gyarawa. Marasa lafiya ne za su kwanta a ɗakin nan, waɗanda ko bango ya motsa ba sa iya gudu.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran kawunka, ya tsare mutanen ƙauyen. Tashi ka ɗebo ruwa a daro.