Batun Fuskar Mahaifinki

Zuwa ga 'yata, kuma uwata,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yar baƙuwar da Allah Ya ba mu. Allah Ya raya ta, Ya albarkaci rayuwarta, ke kuma Ya mayar miki da ƙarfin jikinki. Mu nan muna godiya. Ciwon gwiwar innarki ya yi sauƙi tunda ta yarda ta daina wanki a tsugune. Goggonki ta tashi daga gidan da take haya, ta dawo kusa da mu, saboda haka yanzu ba mu da ƙarancin labari. An kuma gyara rufin ɗakin tsakiya, sai dai ni ban gamsu da yadda aka buga kusoshin ba, ina nan ina sa ido.

Na zaɓi in rubuto miki maimakon in kira, domin a waya nakan rikice in sa ƙarshen magana a farkonta, wannan kuwa magana ce da ke son a bi ta daki-daki. Ranar da kika kira da wayar hoto don ki nuna wa Yaya jikarsa, ina zaune a gefensa. Na ga lokacin da kika ɗaga jaririyar kina dariya, na kuma ga abin da kika gani: mahaifinki ya zuba ido, fuskarsa ba ta motsa ba, ya ce madalla da murya ƙasa-ƙasa kamar wanda aka tilasta. Innarki ta shaida mini cewa kin yi kuka bayan nan, kin ce ashe har yau bai huce da tafiyar da kika yi nesa da shi ba. Tun daga ranar kuma ba ki sake neman sa ba. Ban ga laifinki ba, domin tun muna yara ake gaya mana labarin zuciya a tambayi fuska. To amma a wannan karon fuskar ba ta faɗa miki gaskiya ba.

Mahaifinki ba shi da lafiya, uwata. Ki kwantar da hankalinki ki karanta har ƙarshe, domin labarin ya fi yadda kike tsoro daɗi. Yaya ne da kansa ya hana a gaya miki lokacin da kike da ciki, ni kuma yanzu na ga shirun ya fara yin ɓarnar da ta fi maganar. Abin ya soma ne da hannun dama, wanda ke karkarwa idan ya ajiye shi a cinya, amma da ya ɗauki almakashi sai ya lafa. Daga nan tafiyarsa ta zama gajeru-gajerun taku, murya ta yi ƙasa. Wata mata da ta daɗe tana kawo masa ɗinki ta tare ni a bakin shago, ta roƙe ni in tambayar mata ko ta yi wa tela wani laifi ne, domin ya daina yi mata fara'a. Innarki ma, da ta fi kowa sanin sa, ta yi watanni tana binciken kanta. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da ƙyar na ja shi asibiti wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ya duba shi, ya sa shi tafiya, ya sa shi buɗe hannu da rufewa, sannan ya ce ciwon ana kiran sa Fakinsan. Na kwaso duk ƙananan takardun wayar da kai da ke kan teburin jira, na karanta su a tsanake, inda ban gane ba na koma na tambaya, har sai da Yaya ya ja mini riga ya ce in bar bawan Allah ya ga sauran marasa lafiya. Ga abin da na fahimta. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ke samar da sinadarin da ke sauƙaƙa motsi, kamar yadda mai ke yi wa keken ɗinki. Idan ya ragu, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikawa ta jijiyoyi zuwa gaɓoɓi sai ya riƙa isa a makare, ko ya isa da rauni. Ita fuska kuwa tsoka ce kamar hannu. Murmushi da ƙifta ido da ɗaga gira duk motsi ne da muke yi ba tare da mun shirya ba, irin wannan motsin kuma ciwon ya fi taɓawa. Mutum yana jin daɗi a ransa sarai, amma saƙon bai kai fuska ba. Likita ya gwada tunaninsa, ya ce a halin yanzu garau yake. Ya kuma ce ciwon ba ya warkewa, amma magani yana sassauta shi ƙwarai, mutane da yawa suna daɗewa da shi suna sana'arsu. Na tambaya ko ana ɗauka, ya ce a'a, duk da haka nakan ɗan duba nawa hannun da safe.

Yanzu bari in gaya miki abin da ba ki gani ba bayan kin kashe waya. Yaya ya riƙe wayar bai ajiye ba. Hawaye suka gangaro masa, fuskar nan tana yadda take kamar ba tasa ba. Daga nan sai ya ce a nemo masa hoton amaryarsa ya ƙara gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce an cuce shi, an ba shi amarya ba gashi ba haƙori, amma tunda shi ma nasa sun fara sallama, sun dace da juna. Innarki ta ce ai dama kowace ƙwarya da abokin burminta. Kowa a ɗakin ya yi dariya ban da fuskarsa.

Tun da ya fara shan magani abubuwa sun gyaru. A da, idan ya zo bakin ƙofa ƙafafunsa sukan kafe kamar an liƙa su. Ma'aikaciyar da ke koya masa motsa jiki ta ce a ja masa layuka a ƙasa ya riƙa tsallakawa, domin idan ido ya ga abin da za a ƙetare, ƙwaƙwalwa takan bi wata hanyar ta isar da saƙo. Na ɗauki allinsa na ɗinki na ja su, ya duba ya ce sun karkace, ya sa aka goge, ya sake ja da kansa da sandar awo. Yanzu yana ficewa abinsa. Ya koma kan keke da hantsi, kuma ɗinkinsa bai sauka daga layi ba, sai dai zare a allura da maƙwabcinsa mai gyaran takalmi ke sa masa, yana yi yana tsokanar sa. Sannu-sannu ba ta hana zuwa.

Akwai abu na ƙarshe, wanda ya gargaɗe ni kada in faɗa. A cikin takardun akwai wadda ta nuna yadda ake motsa tsokar fuska. Kwanan baya na leƙa shago lokacin da ba kowa, na tarar da shi tsaye a gaban dogon madubin da masu gwada kaya ke dubawa, yana jan gefen bakinsa sama, yana saki, yana sake ja. Da ya gan ni ya ce in ja bakina in yi shiru, yana shirya murmushin da zai yi wa uwarsa ne, wato ke, kuma ba zai kira ki ba sai ya kammala. Gefe ɗaya ya fara amsawa, na gani da idona. Amma abin da ke hana ni barci shi ne, ke kina can kina jiran ya huce daga fushin da bai yi ba, shi yana nan yana jiran aikin da ba wanda ya san ranar gamawarsa. Ina roƙon ki ki kira shi da hantsi, lokacin da magani ya kama jikinsa. Ki yi magana a hankali, ki ba shi lokaci ya amsa, ki saurari abin da zai faɗa, ki ƙyale fuskar. Kada ki jira sai ya ce ya gama. Kin dai san alƙawarin tela.

Innarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa rufe wa jaririya kai. Goggonki da Auta da Inna Ƙarama duk suna gaisuwa, haka ma mai gyaran takalmi. Ki miƙa gaisuwata ga maigidanki da iyayensa, ki shafa mini kan amaryar Yaya. Allah Ya sada mu da alheri.

Ni ne mai sauraron ƙarar wayar Yaya,
Babanki Ƙarami