Sunan da Na Kira a Cikin Kogo

Unguwar Dosa,
Kaduna.
13 ga Afrilu, 1986.

Zuwa ga Yayata Hajiya Magajiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwar ban girma irin wadda ta cancanci babba daga ƙanenta, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Yusha'u da dukan mutanen gidanku na Kumasi. Allah Ya sa ciwon gwiwar da kika ambata a saƙonki na baya ya yi sauƙi. Ga Sha'aban ya kama, Allah Ya nuna mana azumi da rai da lafiya. Mu ma nan muna cikin rufin asirin Ubangiji. Jummai tana nan ƙalau, ƙananan yara sun koma makaranta, ɗan'uwanmu Bawa na Rigasa kuma matarsa ta sauka, an sami namiji. Ina roƙon Malam Yusha'u ya karanta miki wannan takarda da kansa, kada a ba yara, domin akwai maganar da ba zan so su ji ba.

Kafin komai, ki kwantar da hankalinki: 'yarki tana da rai, tana gida, tana ci tana sha. Ƙafarta ta hagu ce a ɗaure. Na fara da wannan ne saboda na san zuciyarki a kanta, tunda ke kika yaye ta, ke kika riƙe ta har ta isa shiga babbar makaranta kika dawo mana da ita. Haƙƙinki ne ki ji abin da ya faru daga bakina, ba daga bakin fatake ba.

Kin san Irmiya, abokin aikina a ɗakin ajiyar kaya na ma'aikatarmu, wanda ya kai ki tasha da motarsa a zuwanki na ƙarshe. Garinsu yana gindin duwatsun nan da ke bayan Kagoro, kuma ya daɗe yana cewa sai ya kai ni na ga kurminsu da kogonsu. Da hutun Ista ya matso, ya sake tayar da maganar a gidana, yarinyar kuwa ta ji daga kicin. Da yake labarin ƙasa take karantawa don jarrabawar fita, sai ta aiko uwarta ta roƙe ni a tafi da ita. Na ƙi da fari. Da Maryamu matar Irmiya ta ce ita ma za ta je, kuma ba za ta bari ta yi nisa da ita ba, sai na yarda.

Ban tafi da ka ba, Yaya. Na fito da 'yan ƙasidun da nake tarawa, na taimakon gaggawa da na saran maciji da na tafiya cikin daji, na sake bin su layi-layi. Na cika jaka da tocila da batir na ko-ta-kwana, da igiya mai kauri, da bandeji, da gishiri da sukari a ƙulle, har da usur irin na 'yan ƙwallo. Da Irmiya ya ɗaga jakar zai sa a mota, sai ya tambaye ni ko asibiti zan buɗe a kan dutse. Tun daga nan har muka wuce Kachiya bai kira ni da komai ba sai Likita.

Mun kwana a gidansu, suka karrama mu ƙwarai, har tabarmar salla suka tanadar mana. Da hantsi muka kama hawa, yayansa Luka yana gaba da adda. Ban taɓa ganin daji irin wannan ba. Itatuwa sun haɗa kai a sama har rana ba ta sauka ƙasa sai tsilli-tsilli, saiwoyi sun fito sun naɗe duwatsu, ganye ya ruɓe ƙarƙashin ƙafa yana santsi. Kana jin ƙarar ruwa amma ba ka ganin inda yake. Wani wuri sai da hannu da gwiwa. Ni duk saiwar da na gani maciji nake zato, ita kuwa yarinyar hawa take kamar a can aka haife ta, tana tsintar ganyaye tana tambayar Maryamu sunayensu. Da muka iso bakin kogon, Luka ya ce a nan kakanninsu suke ɓuya zamanin hare-hare, ya dube ni yana dariya ya ce yau ga shi da ƙafarsa ya kawo jikan maharan ya nuna masa maɓoya. Na ce masa kakana majemi ne, ko jaki bai taɓa mallaka ba balle dokin yaƙi. Muka yi ta dariya. Wannan ce dariyata ta ƙarshe a ranar.

Bakin kogon gajere ne, sai an sunkuya. Ciki akwai sanyi da warin kashin jemagu mai hawa kai, ga ƙarar ruwa daga can ƙasa ta cika ko'ina. Luka ya ce hanya ɗaya ce, ana shiga ta ƙasa a fita ta sama. Na jera mu yadda ƙasida ta ce: shi a gaba, sai Irmiya, sai Maryamu, sai yarinyar, ni a ƙarshe. Da muka yi nisa, hasken tocilata ya fara ja. Na karanta cewa ba a jira sai ta mutu, saboda haka na tsaya na durƙusa ina canza batir, ban ce wa kowa komai ba. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, ita ta lura na tsaya, ta tsaya jirana. Kin san tarbiyyar da kika yi mata: ba ta tafiya a gaban ubanta, ba ta kuma fara yi mini magana. Da ta ji na miƙe, sai ta matsa gefe cikin duhu don ta ba ni hanya. A gefen nan kuwa dutsen ya zame zuwa wani rami. Ta ce ko ihu ba ta samu yi ba, numfashinta ne ya ɗauke. Ni kuma na wuce da sauri ina bin hasken na gaba, ina zaton tana tare da Maryamu, Maryamu tana zaton tana tare da ni.

Sai da muka fito cikin rana muka dubi juna. Yaya, ban san yadda zan kwatanta miki abin da na ji ba. Yarinyar ba ta cikinmu. Luka da Irmiya suka gangara da gudu ta bayan dutse zuwa ƙofar ƙasa, ko ta juya ta fita ta can. Maryamu ta tsaya a ƙofar sama tana ƙwala kiran Uwani, laƙabin da kika sa mata, amma muryarta ba ta shiga ko'ina, ruwan nan yana haɗiye ta. Duk ƙasidun da na karanta sun hana mutum ya koma irin wannan wuri shi kaɗai. Na koma.

Abin da na fara yi kuskure ne. Na busa usur da iyakar ƙarfina. Sai rufin kogon gaba ɗaya ya motsa, jemagu suka taso kamar an kwance guguwa, suna dukan fuskata suna tsuwa. Na faɗi na rufe kaina da jaka. Da suka lafa na ci gaba da rarrafe ina haska kowane lungu, har na ga takalminta ɗaya a bakin wata tsaga, da sawun zamewa a kan dutse. Na kwanta da ciki na leƙa. Hasken bai kai ƙasa ba. Babu motsi, babu nishi, sai ruwa.

Na yi kira. Na ce ke. Na ce kina ina. Na yi sallama da ƙarfi, na sake cewa ke, kogon yana dawo mini da muryata a murɗe, ni kaina ban gane ta ba. Shiru. A lokacin nan babu irin mutuwar da ban gani da idon zuciyata ba. Na ga kanta a fashe a kan dutse, na ga ruwa ya ja ta zuwa inda ba a fito da gawa, na ga kaina a gaban Jummai da takalmi ɗaya a hannu, na ga kaina ina rubuto miki wata takarda ba wannan ba. Layin da ke cikin ƙasidar tafiya daji yana ta yawo a kaina, wanda ya ce idan mutum ya ɓace a kira shi da sunansa sarai, a yi shiru a saurara. Sau nawa na karanta layin nan a Kaduna ina gyaɗa kai, ban taɓa tsayawa na tuna cewa ni ba na iya yin abin da ya ce ba.

Ke shaida ce, Yaya. 'Yar fari ce, kuma sunan Inna mahaifiyarmu ta ci, Allah Ya jiƙanta. Tun ranar da na yi mata huɗuba a kunne tana jaririya ban sake furta sunan nan ba, ko laƙabin ma ban taɓa ɗauka a bakina ba. A makaranta idan aka tambaye ni, takarda nake miƙawa. Na buɗe baki a bakin ramin nan, harshena ya ƙi. Kamar ina ganin Inna zaune a kan tabarmarta tana kallona. Na sake buɗewa, abin da ya fito kuka ne. Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai na ji sunan ya fita, sunan yanka, ba laƙabi ba, har duwatsu suna maimaita shi. Na sake kira, na haɗa da 'yata. Sai daga can ƙasa, a hankali ƙwarai, aka amsa mini da na'am, Baba.

Da su Luka suka biyo ta ƙofar ƙasa suka iske ni, igiyar da ke cikin jakar da Irmiya ya yi wa dariya ita aka ɗaure a wani dutse, Luka ya sauka ya goyo ta, mu muka ja. Ramin bai kai zurfin da tsoro ya nuna mini ba, amma taku kaɗan ne tsakaninta da inda ruwan yake zubawa. Ba na son tuna wannan. Muka sauko da ita daga dutse goye a bayan Luka, Maryamu tana kuka tana ba ni haƙuri, ni ma ina ba ta. A asibiti an ɗauki hoton ƙafar, likita ya ce ƙashin idon sawu ne ya tsage, bai rabu ba, kuma da yardar Allah za ta taka kafin jarrabawa.

A hanyar dawowa na yi kamar barci nake, sai na ji Maryamu tana tambayarta a bayan mota me ya hana ta amsawa tun farko. Ta ce ta ji kiran duka. Amma bayan ƙarar nan da tashin jemagu, sai ga murya tana cewa ke, ke, daga ko'ina, ta tuna gargaɗinki cewa ba a amsa kira a kango ko a daji, domin mutanen ɓoye suna aron murya. Ta toshe bakinta da gyale tana karanta duk addu'ar da ta sani. Maryamu ta ce to ai mai aron murya yana iya aron suna. Sai ta ce a'a. Wai duk aljanin da zai kwaikwayi Babanta ya san Babanta ba ya faɗin wannan suna, ba zai yi wannan kuskure ba. Da ta ji an faɗe shi, ta san mutum ne, kuma ta san wane ne.

Tun da muka dawo ban sami natsuwa ba. A wurin aiki, ko ɗakin ajiya ba na shiga sai an bar ƙofa a buɗe. Ta ɗan yi tari, na kai ta a duba saboda na taɓa karanta cewa kashin jemage yana taɓa huhu. An ce mura ce, amma har yanzu kunnena yana ɗakinta. Abin da ya fi tsorata ni kuwa ba ramin ba ne. Yarinyar nan ta kusa gama makaranta, amma ba ta san muryar ubanta ba idan ya ɗaga ta, domin ba ta taɓa ji ba. Da harshena ya ci gaba da ƙi, da mun fita neman taimako mun bar ta a wurin, ita tana jina, ni ina tsaye a kanta.

Jummai da ta ji labari ta rufe baki da hannu, ta ce in yi shiru kada dangi su ji. Ni kuwa na ga ke ce a madadin Inna yanzu. Idan na yi rashin kunya ga sunanta, ki yafe mini a madadinta. Amma ina sanar da ke cikin ladabi cewa ba zan iya komawa yadda nake ba. Jiya bayan la'asar ta dogara sanda ta kawo mini ruwa, za ta ajiye ta juya kamar kullum, na ce ta zauna. Na tambaye ta sunayen ganyayen da ta tsinto. Dukanmu ƙasa muke kallo, amma ta faɗa mini su duka.

Ki miƙa gaisuwata ga Malam Yusha'u, tare da godiya bisa haƙurin karanta wannan doguwar takarda. Ki gaishe da Hamisu da Lawan, da Asma'u da maigidanta. Jummai da yara suna gaishe ku, Irmiya da Maryamu ma sun ce a gaishe ki, a kuma ba ki haƙuri. 'Yarki ta ce in gaya miki ba ta saɓa gargaɗinki ba. Na tambaye ta yadda zan rubuta gaisuwarta, ta yi murmushi ta ce yadda na ga dama. To, Yaya, Aishatu tana gaishe ki.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ni ne ƙanenki mai biyayya,
Labaran.