Kai a Ƙasa Cikin Kofi

Zuwa ga sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan randa a bakin mai ƙishi, uwar 'ya'yana, wadda ta fi kowa iya shiru a duk faɗin duniya.

Bayan gaisuwa da tambayar ƙafarki, ƙara na kawo. Ke nake ƙara, kuma wurinki na kawo ƙarar, don ba ni da wani alƙali sai ke. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan ina yawo da ita kamar tsakuwa a cikin takalmi. Kin san ni da biro ba ma ga maciji, saboda haka tela na bakin layi ne ke rubutawa, ni ina faɗa. Na gargaɗe shi kada ya gyara mini ko kalma ɗaya. In kin ga magana ta karkace, tawa ce, haka nake a karkace kika aure ni.

Ga ƙarar: kyautar farko da na taɓa ba ki, kai a ƙasa kika tsoma ta cikin kofi.

Kada ki ce kin manta. Lokacin ina lebura, muna haƙa ramin bututun ruwa a wani babban gida. A ƙofar gidan akwai ɗan tafki da suka gina don ado, a cikinsa kuwa ga wata ciyawa a tsaye, doguwa, siririya, kara miƙe sambal babu gaɓa, ganyenta duk a ka, a baje kamar lema. Iska ta zo ta kaɗa ta, ta rusuna, ta sake miƙewa ba tare da ta zubar da mutuncinta ba. Ina ganinta na gan ki. Na ajiye diga, na faki idon mai gadi, na yanko kara ɗaya na cusa a cikin riga, na tako da ƙafa har ƙofar gidanku, ganyen yana yi mini cakulkuli a wuya.

Na same ki a bakin ƙofa kina saƙa, ƙawayenki na gefe. Na miƙa miki. Kika juya ta, kika dube ni, kika ce, "Gemun kwaɗo ka kawo mini?" Sai kika ɗauki almakashi kika aske mata ganye kamar wanzami, kika datse karan ya rage bai fi tsawon yatsa ba, kika kifa kan cikin kofin ruwa, gindi a sama. Ƙawayenki suka yi dariya har da riƙe ciki. Ba godiya, ba sannu da hanya. Tun daga ranar sunan ya manne mini. Abokan aikina Gemun Kwaɗo, yayyenki Gemun Kwaɗo, yau ga shi jikokina ma a bayan idona haka suke ce mini. Wane irin masoyi ake yi wa haka, ya kuma koma washegari? Ni na koma. Ina zan je? Tafki ɗaya na sani.

Da aka kawo ki gidana, a cikin kayanki na ga wani gwangwani mai tsatsa da 'yar ciyawar nan mai lema a ciki, ba ta fi taƙi ɗaya ba. Na tambaye ki inda kika samo ta, kika ce a bakin kwata kika tsinta. Na ce a raina, to, tunda ta wulaƙanta tawa, wannan tsintacciyar zan raina ta, sai ta girma ta fi ƙarfin raini, sai matar nan ta buɗe baki ta ce tana da kyau. Ki duba irin hidimar da na yi. Na yanka duro gida biyu na zuba laka da taki. Ban taɓa barin ƙafarta ta bushe ba, don ita ba a yi mata yayyafi kamar sauran furanni, a cikin ruwa take son tsayuwa dare da rana. Na ja ta inda za ta sha hantsi ta tsira daga zafin la'asar. Karan da ya yi rawaya na yanke shi daga tushe. In saiwa ta cika duron har ta rasa wurin numfashi, na ciro ta na raba da adda na ba maƙwabta. Da kika yi ƙorafin sauro, na je na kamo ƙananan kifaye na zuba su cinye tsutsar. Gida nawa muka sake? Kowane tashi, ita ce farkon hawa mota, kafin gado, kafin tukwanenki. Ta yi tsawo har ta wuce kafaɗata. Masu wucewa su leƙo su yaba. Ke kuwa ki zo ki wuce da tsintsiya, ki ce in gyara gemuna ya tare miki hanya.

Ban yafe ba, ina dai gaya miki ne. To amma saurari abin da ya sa yau nake neman kalmar godiya ina rasa wadda ta isa.

Ranar da kika faɗi, ba na gida. Duron ya daɗe yana yoyo, gansakuka ta kama simintin, santsi ya kwashe ki, ƙashin cinya ya karye. Da na dawo an riga an tafi da ke, babu komai a tsakar gida sai takalminki ɗaya da almakashinki a gindin duron. Na ɗauke almakashin na ajiye, ban kawo komai a raina ba. Daga asibiti babbar 'yarmu ta wuce da ke gidanta, ta kuma zo ta tsaya mini a ƙofa da hannu a ƙugu, ke sak lokacin ƙuruciya. Ta ce, "Baba, ko dai a fasa duron nan a zubar da ciyawar, ko kuwa Inna ta zauna wurina ke nan. Ka zaɓa." Na ce mata ni aka haifa kafin ita, ba za a zo gidana a ba ni zaɓi ba. Ta ce to shi ke nan, in zauna da ciyawata ta dafa mini abinci. Ta tafi. Na zauna da ciyawata. Ba ta iya girki ba.

Gidan nan ba ke, ya masoyiyata, rijiya ce da aka ɗauke wa guga. Tsakar gida ta yi faɗi, ɗaki ya yi tsawo, shayi ya koma ruwan zafi kawai. Shirunki da na yi ta ƙorafi a kai, ashe shi ne ya cika gidan. Shirun da ya rage yanzu wani iri ne, ba shi da tari, ba shi da ƙarar awarwaro, ba ya harara.

Makon jiya 'yar ta aiko a kai miki zannuwa. Na shiga ɗakinki, inda ban cika shiga in ba kya nan ba. Na ja labule don in ga haske, sai ga kwalba a kan dakalin taga, an ɓoye ta bayan gwangwanin zarenki. A ciki kawunan mai lema ne, an aske musu ganye, an datse kara, an kifa su kai a ƙasa. Raina ya ɓaci. Na ce wato har da tsufanmu matar nan ba ta daina yi mini ba'a ba. Na ɗaga kwalbar zan watsar, haske ya ratsa ta, sai na ga abin da ya sa na zauna a bakin gadonki. Daga tsakiyar kowane kai fararen saiwoyi sun zubo kamar zare, ga kuma ƙananan tsirai kore shar sun juyo sama suna neman iska.

Ashe haka take haihuwa. Ashe ba a dasa ta sai an sunkuyar da kanta.

Na fita na dubi duron da sabon ido. Karan da ya tsufa yakan lanƙwasa har kansa ya taɓa ruwa, ni kuma duk shekarun nan ina ganin haka sai in yanke in jefar, in ce ya karye. Ke 'yar bakin rafi ce, tun kina yarinya kin ga abin da ke biyo bayan wannan sunkuyon. Ni ɗan tudu, daga tushe kaɗai na san ana rabawa. Sai abubuwa suka yi ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Almakashin nan a gindin duro: me mai ƙin ciyawa take yi a wurin da almakashi? Shekarar da na kwanta jinya aka yi ƙarancin ruwa, aka ce mini duron ya bushe ƙurmus, na dawo na tarar da sababbin tsirai, na yi ta cika baki a majalisa cewa shukar hannuna ba ta mutuwa: kina jina kina tankaɗe, ko tari ba ki yi ba. Sai kuma gwangwanin nan mai tsatsa. Bakin kwata! Wace kwata ce ke fitar da irin wannan?

Na gode, ya hasken gidana. Na gode da kofin. Na gode da kika karɓi kara ɗaya daga hannun lebura mai laka a ƙafa, wanda da kin soka shi a gashi da kafin magariba ya yanƙwane, kika yi masa abin da zai sa ya kai mu tsufa. Na gode da kika bar ni ina taƙama da abin da ke kika raya. Kin zame mini ruwan da ke ƙarƙashin laka, ba a ganinsa, ba ya ƙara, amma duk koren da mutane ke yabawa a sama nasa ne. Ni ne dogon karan nan mai baje kai yana rawa a iska, yana zaton da ƙarfinsa yake tsaye.

Kada ki ɗauka na janye ƙarata. Laifin yana nan, ya dai sake suna. Da laifinki wulaƙanci ne, yanzu laifinki ɓoyewa. Me zai rage ki in kin faɗa? Kalma nawa ce? Kin bar mutum yana jin haushi shekara da shekaru a kan abin da ya kamata ya yi ta murna da shi. Wa zai biya ni wannan murnar?

Ga abin da na yi, ki gaya wa 'yarki. Na kira mai walda ya toshe yoyon. Na ja duron can lungun katanga, na ɗora shi a kan bulo, na zuba tsakuwa kewaye da shi. Simintin na kankare shi da hannuna har sai da ya yi kaushi kamar tafin ƙafata. Na kafa ƙarfen dafawa daga ƙofar ɗakinki har bakin famfo. In duk wannan bai isa ba, in ke da bakinki kika ce a fasa duron, wallahi kafin ki rufe baki na ɗauko guduma. Ba don an ba ni zaɓi ba. Don ƙafarki ɗaya ta fi mini duk tafkunan duniya, don kuma yanzu na san akwai wata a kwalba. Ina sake mata ruwa kowace safiya, kada ki damu.

Ki dawo. Mai lema tana nan tsaye, amma ba ta da wanda zai zage ta, ni ma haka.

Na sa kai ɗaya a cikin ambulan ɗin nan, na aske shi da almakashinki yadda na ga kin yi. Na san abin da za ki yi da shi, ki yi. Amma wannan karon ba zan karɓi kofi a matsayin amsa ba. Na tsufa, idona ya yi rauni, ba ni da wasu shekaru arba'in na tsayawa in gane. Da baki nake so, da muryar nan taki mai sanyi kamar ruwan asuba, a gaban 'yarki, a gaban jikoki, a gaban duk wanda ya taɓa ce mini Gemun Kwaɗo.

Ni ne naki tun daga saiwa har lema, wanda bai taɓa tsayawa a wani ruwa ba sai naki, ba kuwa zai tsaya ba har ranar da za a yanke shi daga tushe,

Gemun Kwaɗonki.

Tela ya ce takarda ta ƙare. Tambayata ba ta ƙare ba. Waccan ta cikin gwangwani, a kwata kika tsinta, ko tawa ce? Ki amsa mini, tsohuwa.