Ranar da Inna Indo Ta Zuba Mini Sukari

Ya Sulafa, sanyin idona, inuwar darbejiya a tsakar ranar Umdurman, ruwan tulu ga wanda ya kwaso ƙishi tun daga unguwar Dar Salam!

Saƙonki ya iso, wai kada kawunnaina su zo neman aurenki, don kina tsoron ciwon mantuwar da ya kama mahaifiyarki, Inna Indo, ke ma zai kama ki. Haba, habibti, masoyiyata! Da wannan za ki kore ni?

Kin tuna teburin shayinta a bakin kasuwa, kafin yaƙi ya watsa mutane? Ke kina wanke kofuna, ni ina shan na uku don kawai in ƙara ganin ki. Inna ta san shayin kowa: wannan da na'ana'a, wancan da kirfa, telan can sukari cokali huɗu. Shekara biyar ba ta taɓa sa mini sukari ba, don ta san ba na so. Ranar da ta zuba mini cokali uku, na shanye, amma wallahi nan na gane mantuwa ta fara taɓa ta. Ko hamsin ba ta cika ba! Na riga ki gani, Sulafa, kuma ban fasa zuwa ba.

Ban yi karatu mai nisa ba, amma ina da kunne. Da na kai ku asibiti a raksha, keke mai ƙafa uku, likita ya ce ba kowace mantuwa ake gado ba. Ya ambaci hawan jinin da Inna ta shekara goma ba ta sha masa magani ba, da ciwon sukari, da ƙarancin barci, da hayaƙin gawayi. Ya ce a riƙa awon jini, a rage gishiri, a taka ƙasa, a shiga mutane. Ke kuma kin kulle kanki a ɗaki, ya farin watana! Wannan ne maganin?

Bari in zama mai raka ki awo, mai ɓoye miki gishiri, mai taka bakin Nilu da ke har ƙafa ta gaji. Inna kuwa, ɗakinta na jikin namu.

In kuma Allah Ya ƙaddara wata safiya ki rasa sunana, zan koma bakin ƙofa, in cire takalmi, in yi sallama, in fara neman ki daga farko. Na iya jira, ke ce shaida.

Naki muddin ina numfashi,
Hazim