Dutsen da Malam Yake Hawa

Yaya Ruqayya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Ya jikin Goggo? Ya ƙarin haƙurinmu?

Mu nan Greensboro lafiya lau. Na fita takaba ranar Alhamis. Ba kitso, ba lalle, maƙwabciyarmu Anti Bebi kaɗai ta leƙo da ta tashi daga aiki.

Jiya 'yarki Ilham ta ce, "Mama, sa takalmi, yau zan nuna miki inda Baba yake zama." Kin san duk Asabar sai Malam ya tafi hawan dutse. Shekara takwas yana cewa in zo in gani, ni kuwa ina masa dariya, ina cewa wace irin tafiya ce, ba kasuwa ba gaisuwa?

Awa uku muka yi a mota. Kwari ne mai fararen duwatsu, sama kuma fili fetal, sai ciyawa da iska. Can ƙoli yake shimfiɗa darduma ya yi azahar. Nan na so in yi tawa.

Yaya, ko rabi ban yi ba gwiwoyina suka ƙi. Na zauna a kan dutse, Turawa na wucewa suna yi mini murmushi. Ilham ta hau ita kaɗai, ta ɗauko mini hoton wurin a waya. Na ce mata ya yi kyau.

Ta ce za mu koma in sanyi ya wuce. Na ce to. Don Allah ki tambayi Lauwali wanzami ko yana da maganin gwiwa, ki ba duk mai zuwa. Likitan nan ya ce sai dai haƙuri.

Ki riƙa sa Malam a addu'a, ni ma ki haɗa da ni.

Ƙanwarki,
Mubina