Yaya Ishaƙ, Na Kwance Ƙullin Wayoyin Ɗan Aike

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Yaya Ishaƙ, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda kake a Kano. Ƙanwarka ce Saudatu, daga unguwar Waziriyya a Jidda. Na rubuta ta a fili ne inda kowa zai gani, domin wata huɗu ke nan lambarka ba ta shiga. Duk wanda ya san Ishaƙ mai gyaran wutar mota, haifaffen Jidda, wanda Hausarsa ke fita da Larabci a ciki, don Allah ya nuna masa.

Yaya, na kashe Ɗan Aike.

Ka tuna yadda ka fara haɗa robot ɗin nan, don wasa kawai. Kowace Juma'a in ka dawo daga masallaci sai ka baje tarkace a falo: injin goge gilashin mota guda biyu daga garejinku, tayoyin keken jarirai daga kasuwar gwanjo, da akwatin roba na tumatir. Umma tana ta faɗa wai ka mai da mata gida bola. Ni kuwa nake riƙe maka waya kana ɗiga dalma, har yau tabon ƙunar yana babban yatsana. Ran da robot ɗin ya fara tafiya da rimot, kai tsaye ya je ya kifar da butar shayi. Ka ce, “Ma'alesh, ba komai, yaro ne, zai koya.”

Ya kuwa koya. Ka ƙara masa fitila, ka ɗora masa faranti, ka canza masa tayoyi don ya iya hawa kafet. Da Umma ta samu shanyewar ɓarin jiki ta fara ƙin magani, sai wasan ya zama aiki. Bayan La'asar ka ɗora ƙwayoyin da dabino uku a kan farantin, ka laɓe a ƙofa da rimot. Ɗan Aike ya shiga, ya tsaya gaban gadonta, ya ɗan matsa gaba ya ja baya sau biyu, wai gaisuwa ke nan. Umma ta yi dariya da rabin bakinta ta shanye.

Da kafilinka, ubangidan da ya tsaya maka, ya rufe gareji, iƙamarka, wato takardar zamanka, ta mutu, aka mai da kai ƙasar da ba ka taɓa gani ba, rimot ka miƙa mini. Ka ce, “Ya ukhti, ki sa masa kyamara da abin intanet, ni zan riƙa tuƙa shi daga can.” Na riƙe maganar nan da hannu biyu. Shekara guda ina tuƙa shi kullum, Umma tana cewa Ishaƙ ya aiko. Da wayarka ta yi shiru, sai na ce bari in gama aikin, ko ran da ka kira ka tarar da shi a shirye.

Na je kasuwar Balad na sayo kyamarar da sabon batir. Na buɗe cikinsa, sai ga wayoyi duk baƙaƙe, ragowar na mota, wasu da ƙulli a wuya, wasu babu. Ka san halina, ni da ko leda sai na ninke ta. Na ce a raina wannan ƙazantar Yaya ce. Na cire su ɗaya bayan ɗaya, na kwance kowane ƙulli, na miƙar da su, na mayar tsaf-tsaf har ina yaba wa kaina. Ina haɗa batir na ji ƙauri, wani siririn hayaƙi ya tashi daga allon lantarkin da ke cikinsa.

Sai bayan kwana biyu, da na buɗe tsohuwar fankar da ka gyara, na ga ƙullin nan a can ma. Ashe alamarka ce: duk wayar da ka ƙulle ita ce mai wuta. Shekara nawa ina riƙe maka waya, ban taɓa tambaya ba, kai ma ba ka taɓa faɗa ba. Haushinka nake ji, Yaya, amma na kaina ya fi.

Na kai shi wajen masu gyara uku. Na ƙarshen ya leƙa cikinsa ya ce halas, wato ya gama aiki, in sayi na kanti. Ko da na gano wayoyin, gaisuwar tana cikin allon da ya ƙone, ita kuma a kanka kawai take. Umma ta yi kwana biyar tana kawar da kai daga maganin da ke hannuna. Ba ta faɗa, ba ta kuka, ƙofa kawai take kallo.

Sai na ɗaura masa zaren kamun kifi, na zagaya da shi ta ƙafar gado, in laɓe bayan labule ina ja. Yana tafiya a karkace, ba fitila, ba gaisuwa. Ta sha maganin, na ɗauka na yi dabara. Sati biyu muna haka. Jiya ina cikin ja, na ji muryarta a hankali: “Saudatu, ki naɗe hannunki da tsumma, zaren nan zai yanke ki.” Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki ƙwayoyin, ta ce wa akwatin tumatir, “Ka gaishe shi.”

Na zauna a bayan labulen nan na naɗe zaren. Ban san inda kake kwana ba, ban san ko kana cin abinci ba, ban san abin da zan ce mata ba ran da ta gaji da taya ni wannan wasa.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya ba Umma lafiya da tsawon kwanan da za ta sake jin muryarka. In takardar nan ta iso gare ka, ba sai ka yi mini bayanin waya ko ɗaya ba. Ka kira kawai, bayan La'asar.

Taka har kullum,
Saudatu.